Badagishiri ko Keita: wane dutsen Adar ya dace da mai fita yawon ƙafa daga Tawa?

Mazaunin Tawa da ke son fita yawon ƙafa a duwatsun Adar yana da wurare biyu masu sauƙin kaiwa. Akwai gefen kwarin Badagishiri ta kudu, a kan kwaltar da ta nufi Tsarnawa da Birnin Ƙonni, akwai kuma duwatsun da suka kewaye Keita ta gabas, idan an bi ta Tamaske. Na uku shi ne Buza da kwarin Majiya, sai dai ya fi nisa. Duk ukun tudu ɗaya ne, wanda ake kira Adar-Dutsi-Majiya, kuma babu dogon dutse a cikinsu: daga gindi zuwa sama, a mafi yawan wurare hawan bai kai mita 200 ba. Saboda haka tsawon dutse ba ya cikin abin da za a duba wajen zaɓe. Abin dubawa shi ne nisa daga hanyar mota, inda ake samun ruwa da inuwa, da kuma watan da za a fita. Ra'ayinmu a taƙaice: wanda bai taɓa hawa ba, ko mai tafiya da yara, ko wanda yini ɗaya kaɗai gare shi, ya fara da Badagishiri. Wanda ƙafarsa ta saba, kuma yana iya kwana, Keita ta fi biyan wahalarsa nesa ba kusa ba.

Kafin a shiga bambancinsu, sai an san yadda jikin dutsen Adar yake, domin kusan duk abin da ke samun mai hawa daga nan yake fitowa. Saman dutsen shimfiɗe yake kamar faifai, an lulluɓe shi da baƙar marmara mai tauri da tsakuwa ja. A bakin wannan shimfiɗa akwai gaɓa a tsaye, wani wuri mita biyu, wani wuri ta fi haka, kuma ba ko'ina take hawuwa ba. Ƙarƙashin gaɓar sai gangare, inda farin dutse da laka mai ɓarewa falle-falle suke, ga duwatsun da suka ɓalle daga sama sun zube a kansu. A gindi kuma sai fako, sai jigawa, sannan fadama. Farin dutsen nan shi ne irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza, kuma ya samu ne tun zamanin da teku ya rufe wannan yanki, shekaru fiye da miliyan 50 da suka wuce. Wanda ya sunkuya ya duba gangaren da kyau zai iya ganin ɓawon katantanwar teku da ya zama dutse, wani ma da zanen jikinsa ras, da wasu guntaye masu ƙyalli a cikin lakar. Wannan gangare na tsakiya shi ya fi kyan kallo, kuma shi ya fi kayar da mutane. Tsakuwar da ke kan laka ba ta riƙe ƙafa, musamman wajen saukowa, lokacin da gwiwa ta gaji kuma nauyin jiki ya koma kan diddige.

Badagishiri tana kimanin kilomita 50 daga Tawa. Babbar fa'idarta ita ce hanya: manyan motocin da ke zuwa Ƙonni da Yamai duk ta nan suke bi, ga ƙananan motocin tasha, saboda haka mutum yana iya barin Tawa bayan sallar asuba, ya hau dutse, ya sauko, ya dawo gida kafin la'asar. Garin kuma na kasuwa ne, yana da babbar kasuwar dabbobi ta mako-mako, ana samun ruwan leda, burodi, tsire da ɗan kabu-kabun da zai kai ku gindin dutse. Kwarin yana da faɗi, gangarensa a wurare da yawa a kwance yake, kuma hanyoyin da makiyaya da masu itace suka taka a fili suke. Tsarin da ya fi dacewa a nan shi ne zagaye na kilomita 6 zuwa 8: a hau ta hanyar awaki, a bi bakin gaɓa ana kallon kwarin ta hannu ɗaya, sannan a sauko ta wata hanyar da aka riga aka hango tun daga ƙasa.

Abin da ya cancanci tsayawa a wannan yanki shi ne aikin manoma a kan fako. Ƙasar Illela ta Nijar da Badagishiri ta yi suna wajen tassa da rabin wata, wato ramukan da ake haƙawa a gona don tare ruwan sama. A ƙarshen shekarun 1980 wani shirin raya karkara ya kai wasu manoman yankin Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake gina ƙananan ramuka a ƙasar da ta mutu, suka dawo suka gyara tasu tsohuwar dabarar. Ramin tassa bai fi taki ɗaya faɗi ba, ana tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare, a zuba tafi ɗaya ko biyu na takin dabbobi a ciki, gara ta shigo ta huda ƙasar, ruwan sama ya tsaya ya nutse maimakon ya gudu. Da kaka za a ga hatsi tsaye a wurin da ko ciyawa ba ta fita a da. Ga mai tafiya, ma'anar wannan ita ce gindin dutsen cike yake da gonakin mutane, kuma ramukan suna ɓoye cikin ciyawa. A bi gefen gona, kada a ratsa ta, don kare idon sawu da kuma don kare mutunci.

Raunin Badagishiri shi ne saman dutsen. Da zarar an bar bakin gaɓa an nutsa ciki, babu abin gani sai geza, sabara da anza jefi-jefi a kan tsakuwa, inuwa kuwa sai dai mutum ya raɓa jikin kurmin geza. Wanda ya je neman kallo mai canzawa zai ƙoshi cikin awa biyu.

Keita wani lissafi ne daban. Tana kimanin kilomita 70 daga Tawa, motocin hanyar ba su kai na Ƙonni yawa ba, kuma motar tasha ba ta tashi sai ta cika. Wanda ya dogara da ita, da wuya ya isa gindin dutse kafin rana ta ɗaga. Shi ya sa muke ganin kuskure ne a mayar da Keita tafiyar yini ɗaya in ba da motar kai ba. A isa da yamma, a kwana a gari, a fita da sassafe. A nan ruwa ya yanyanka tudun sosai, ya bar duwatsu masu zaman kansu, da hancin dutse da ke shigowa cikin kwari, da kwazazzabai masu zurfi. Gangaren ya fi na Badagishiri tsayuwa, farin dutsen ya fi fitowa fili, kuma kowane kwana aka sha kallon yakan canza: nan fadama da lambunan albasa da tumatir, can tafki da balbelu, gaba kuma garken Buzaye ko na Fulani suna gangarowa shan ruwa.

Abin da ya bambanta duwatsun Keita da sauran na Adar shi ne hannun mutane da ke jikinsu. Bayan farin da ya addabi ƙasar, a 1984 aka fara babban aikin farfaɗo da kwarin Keita da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana gudanarwa, ana biyan ma'aikata da abinci. Yawancin waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka mata ne, domin maza sun tafi ci-rani. A jikin gangare aka haƙa ramuka dogaye, kowanne kamar mita 3, a jere bisa kwancin dutsen, layi na sama yana toshe tazarar na ƙasa, aka dasa itace a kowane rami. A saman tudu aka ja kunyoyi aka daɓe su da duwatsu, a cikin ƙoramu aka gina madatsai don rage gudun ruwa. An dasa itatuwa miliyoyi, galibinsu masu ƙaya. Yau mai hawa yana ratsa wannan aiki da ƙafarsa: zai ga ramin da ya cike da ƙasa har ciyawa ta rufe shi, itacen cikinsa ya girma ya yi inuwa, zai kuma ga inda ruwa ya fasa kunya aka bar ta ba gyara, kwazazzabo ya soma ci daga nan. Duk wanda ke aikin gona, ko yake karantar da yara, ko yake da ta cewa a harkar ƙasa a garinsu, ya kamata ya ga wannan da idonsa ko sau ɗaya ne.

Wannan aikin yana da tasiri kai tsaye ga tafiya. Layukan ramukan sun zama matakala, ana iya bin su a karkace a hau ba tare da an fuskanci gangaren gaba-da-gaba ba, kuma akwai inuwa a tsakiyar hawa, abin da Badagishiri ba ta cika bayarwa ba. Amma itatuwan ƙaya ne, rassansu a daidai fuska, ƙayarsu kuma a zube a ƙasa tana huda takalmin roba mai laushi. Jerin duwatsun da aka daɓe su ma maɓoya ce ta kunama da kububuwa. Kada a zauna a kansu, kada a cusa hannu ƙarƙashin dutse don ɗauko wani abu, a fara juya shi da sanda.

Matsalar da ta fi yawa a Keita ita ce ɓacewar hanyar sauka. Daga ƙasa, wurin da gaɓa ta karye har ake iya hawa a fili yake. Daga sama kuwa bakin dutsen duk iri ɗaya ne, kuma hancin dutse yana yaudara: mutum ya bi shi yana zaton zai sauke shi kusa da gari, sai ya tarar da gaɓa a tsaye ta ɓangare uku, dole ya koma baya kilomita guda ko fiye, rana kuma ta riga ta yi zafi. Maganinsa mai sauƙi ne. Da an kai sama, kafin a yi ko taku goma, a juya a dubi inda aka fito, a ɗora duwatsu uku ko huɗu a kan juna, a kuma sa alamar wurin a taswirar waya. A sauke taswirar tun a Tawa, domin layin waya yakan ɗauke a cikin kwazazzabai. Wanda ya fi duka shi ne a ɗauki ɗan gari, makiyayi ko mai itace, a yi ciniki da shi tun kafin a tashi, a kuma faɗa masa sarai cewa da shi za a sauko.

Buza da Majiya na waɗanda suka riga suka san Keita ne. Garin Buza yana cikin duwatsu, daga Tawa kuma sai an wuce Keita ko an zagayo ta Madawa, saboda haka tafiyar kwana biyu ce ko uku. Abin kallonta na musamman shi ne layukan dogon yaro da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara dasawa da manoma a 1975 don tare iska, jeri bayan jeri, tazarar kimanin mita 100, sun ratsa kwarin. Daga bakin dutse ake ganin tsarinsu sosai. Ruwan Majiya shi ne ke gangarawa ta wajen Ƙonni har ya ƙare a tafkin Kalmalo cikin Najeriya.

Watan da aka zaɓa yana iya juya duk wannan hukunci. Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba shi ne lokacin da Keita ta fi kyau: tafkuna da ruwa, itatuwa da ganye, sama a washe, ana hango nesa. Illar lokacin ita ce ƙarangiya ta nuna, kuma macizai ba su riga sun lafa ba. Daga tsakiyar Disamba zuwa Fabrairu sanyi ya sauka, tafiya ta fi daɗi a jiki, amma ranar da hazo ya taso ba a ganin ko ƙauyen da ke gindin dutse. Wanda ya kashe kuɗin mota da kwana ya je Keita a irin wannan rana ya yi asara, alhali mai zuwa Badagishiri yana iya leƙa sama da asuba a Tawa ya ɗage tafiyar zuwa gobe. A watannin hunturu ke nan Badagishiri ta fi zama zaɓin hankali. Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma baƙar marmara ke mayar da shi fuska, ba mu ba kowa shawarar hawa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Damina tana da nata hukuncin. Ƙasar takan yi kore shar a Agusta, kuma mutane da yawa a lokacin suke sha'awar fita. Sai dai saman tudun ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba gangarowa yake yi lokaci guda. Ƙorama busasshiya tana iya cika cikin mintoci da ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa, inda kuke kuwa ko ɗigo bai sauka ba. A Keita, inda ƙoramun suke da zurfi kuma hanyar mota ke ratsa su, wannan yana iya tsare mutum yini guda, ko ya yi abin da ya fi haka muni. Kada a yi zango a cikin ƙorama, kada a tsallaka ruwa mai gudu ko da iyakarsa gwiwa, kuma lakar gangare idan ta jiƙe santsi take yi ƙwarai. In dai dole sai an fita da damina, Badagishiri, da safe, kusa da kwalta.

Lissafin lokaci da ruwa ɗaya ne a wuraren biyu, sai dai Keita ba ta yafe kuskure. A kan shimfiɗar sama mutum mai lafiya yana cin kilomita 4 a awa. A gangare mai tsakuwa a lissafa rabin haka, a ƙara aƙalla minti 10 a kan kowane mita 100 na hawa, kuma kada a ɗauka saukowa ta fi sauri. A watannin sanyi rana tana fitowa wajen ƙarfe 7, saboda haka wanda ya fara da 6 da rabi yana da awa huɗu masu daɗi, ya kamata 11 ta same shi a gindin dutse. Ruwa kuma rabin lita a kowace awa da sanyi, kusan lita guda idan rana ta yi zafi, da ƙarin lita guda da ba a taɓawa sai an ɓata ko wani ya ji ciwo. Zagayen Badagishiri ke nan lita 3 ya isa, na Keita kada ya gaza 4. Babu rijiya a saman tudu. Ruwan tafki da na gindin madatsa dabbobi na sha, ba a shan sa sai an tafasa ko an sa ƙwayar tsabtace ruwa. Ƙa'idar juyawa ita ce idan rabin ruwan ya ƙare a kama hanyar komawa, ko an kai inda aka nufa ko ba a kai ba. Wanda kansa ya soma ciwo, fitsarinsa ya yi ja, ko jijiyar ƙafarsa ta riƙe, a kai shi inuwa a haɗa masa lita guda ta ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan.

Takalmi ya zama rufaffe mai taurin ƙasa. Silifa da takalmin fata mai sulɓi suna jawo faɗuwa. Makiyayan yankin suna hawa da takalmin taya, amma ƙafarsu ta saba tun suna yara. Wando ya zama mai kauri wanda ƙarangiya ba ta kamawa sosai, a sa rawani ko malfa, a riƙe sanda mai kai kafaɗa. Wajen sauka a karkata jiki, a sa gefen ƙafa, a taƙaita taku, kuma kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani, domin dutsen da na sama ya ture na ƙasa yake samu. Guzuri mara nauyi ya wadatar: dabino, ƙuli-ƙuli, cuku, ɗan kilishi. Kilishin dai yana ƙara ƙishirwa, a bar shi sai an sauko.

Babu dutsen da ba shi da masu shi. Kafin a hau, a nemi gidan maigari, a yi sallama, a gaisa a tsanake. Kalmomi kaɗan sun isa: “Ranka ya daɗe, mu baƙi ne daga Tawa, muna so mu hau dutsen nan mu ga ƙasa, mu sauko kafin azahar. Ko akwai inda ba a zuwa?” Tambayar ƙarshen tana da muhimmanci, domin a Adar akwai duwatsu da itatuwa da kogunan dutse da mutanen gari ke girmamawa tun kaka da kakanni, akwai kuma tsofaffin maƙabartu da baƙo ba zai gane ba. Ɗan goro ga dattawa ba ya ɓaci. Idan an haɗu da mata masu itace a hanya, “Sannunku da aiki, Inna” ya wadatar, kuma ba a ɗaukar hoton kowa sai da izininsa. Garken makiyayi a zagaye shi daga nesa saboda karnuka.

Maganar tsaro ba a wasa da ita. Arewacin jihar Tawa, wajen Tiliya da Tasara, da wasu yankunan kan iyaka sun sha fama da hare-haren ƴan bindiga, kuma hali yana canzawa daga wata zuwa wata. Kafin kowace tafiya a tambayi ofishin magajin gari ko jandarmomin wurin, a riƙe katin shaida, a tafi mutum uku ko fiye, a bar wa wani a gida sunan ƙauyen da lokacin dawowa. Kwana a gari ake yi, ba a saman dutse ba. Baƙon da ba ɗan ƙasa ba kuwa akwai ƙa'idojin hukuma a kan zirga-zirgarsa, sai an bi ta kansu tukuna.

Mai ciwon sukari, mai hawan jini, da wanda ya manyanta su tsaya ga Badagishiri ko da sun saba tafiya, saboda nisan asibiti. Saran kububuwa misali ne: dafinta yana hana jini daskarewa, mutum yana iya jin sauƙi a awannin farko, daga baya dasashi ya soma zubar da jini. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafa tamau. A cire zobe da duk abin da ya matse, a ɗaure ƙafar da sanda don kada ta motsa, a ɗauki mutumin a kai shi inda ake da allurar maganin dafi, ko da ya ce ya warke. Daga gindin dutsen Badagishiri kwalta tana kusa, mota kuma tana kai mutum babban asibitin Tawa cikin kimanin awa guda. Daga wani kwazazzabo a bayan Keita, fitar da shi zuwa inda mota ke iya shiga kaɗai yana iya cin fiye da haka, shi ya sa masu zuwa can su karɓi lambar ɗan kabu-kabu ko mai amalanke na ƙauyen tun kafin su fara hawa.